Moton na'urar bin rana yana zuwa yamma ya tsaya, ba ya komowa gabas

Ma'aikacin ɗakin gwaji, Sakkwato:

Assalamu alaikum malamai. Muna da na'urar bin rana bisa rufin ɗakin gwajinmu, allon sola ne da na'urar auna ƙarfin haske a jikinsa, ɗalibai suna kwatanta shi da wani allon da ke kafe wuri guda. Moto mai bolt 24 ne ke tura shi, rubutun jikinsa ya ce amfiya 2. Akwai makunnin iyaka biyu masu tsayar da moton in allon ya kai ƙarshe, ɗaya gabas ɗaya yamma.

Da hunturun nan ƙura ta cika makunnin yamma, aka kira mai gyara ya sa sabo. Tun ran nan allon yana bin rana lafiya lau har magariba, ya taɓa makunnin ya tsaya cak. Da safe kuma shiru, yana kallon yamma. Na ɗora mita a wayoyi biyun da ke fita daga akwatin sarrafawa, bolt 24 suna nan, kuma wutar ta juya, wato + da − sun sauya wuri, kamar yadda ya kamata. In na hau na ɗaga harshen makunnin da sukudireba, nan take moton ya tashi ya koma gabas. Abin yana damuna ƙwarai, don duk safiyar da ban hau da wuri ba awon ɗaliban nan ya lalace, ga lokacin kare bincikensu ya matso. Ina zan duba?

Mai gyaran inbata, Mabera:

Wa alaikumus salam Malam. Wanga ciwo sananne ne, ka ma yi rabin aikin da ka auna wutar. Makunnin iyaka irin wannan ƙafa uku gare shi, COM (ta haɗaka) da NO (wadda hanyarta take a yanke) da NC (wadda hanyarta take a haɗe). Ana ɗaura moto a COM da NC, wato hanya a haɗe take har sai an danne harshen ta yanke. To in ta yanke da yamma, ta ina wuta za ta bi da safe? Shi ya sa ake gicciya dayod, ɗan abin da ke barin wuta ta bi ta fuska ɗaya kawai, a kan ƙafafun nan biyu. Yana tare wutar da ke tura allon yamma, yana barin wadda aka juya ta wuce, moton ya ɗan ja baya har harshen ya saki, makunnin ya karɓi aikinsa.

Duba makunnin gabas, za ka ga ɗan baƙin abu mai zobe fari a gefe guda, sau da yawa a cikin baƙar roba, mutum ya ɗauka waya ce kawai. Ina kyautata zaton na yamma ya tafi tare da tsohon makunnin. In kuwa yana nan, cire ƙafarsa ɗaya ka sa mita a awon dayod: ta fuska ɗaya ya ba ka wajen 0.5 zuwa 0.7, ta ɗaya fuskar OL, wato wuta ba ta wucewa. In OL ne duka biyu, ya mutu.

Kar a sa maka dayod mai lamba 1N4007 don shi ya fi yawa a kasuwa, amfiya 1 ne ƙarfinsa, moto kuwa lokacin tashi ya fi jan wuta. Nemi 1N5408, yana ɗaukar amfiya 3.

Malama mai koyar da lantarki:

Injiniya ya faɗi daidai. Ƙari na shi ne fuskar dayod ɗin. In aka sa shi a juye, allon zai kai iyaka moton ya ci gaba da turawa, sai dai fiyus ya ƙone ko haƙoran giya su karye. Saboda haka kar ka jira magariba ta gwada maka. Kawo allon tsakiya, ka ba shi umarnin tafiya yamma, yana cikin tafiya ka danne harshen makunnin yamma da yatsa. Ya tsaya? Kana riƙe da shi ka juya umarnin, ya kamata ya tafi gabas. In bai tsaya ba, yanke wuta ka juya dayod ɗin. Don Allah kuma kar wani ya ba ka shawarar haɗe makunnin da waya don a samu awon gobe.

In za ku sake saye, ku nemi makunni rufaffe mai lambar IP67, ƙura ba ta shiga.

Ma'aikacin ɗakin gwaji, Sakkwato:

Allah ya saka muku da alheri, Injiniya da Malama. Na nemo tsohon makunnin a kwalin tarkace, na yaga robar, ga dayod nan liƙe da dalma a ƙafafunsa, kuma mita ta nuna lafiyarsa ƙalau. Na mayar da shi kan sabon, na yi gwajin yatsa a ɓangarorin biyu, ya tsaya ya kuma koma. Sauran tambaya ɗaya Injiniya: na ga ƙafafun rile (makunnin da wuta ke kunnawa da kashewa) na akwatin sarrafawa sun yi baƙi, gogewa ta isa ko a canza shi?

Mai gyaran inbata, Mabera:

Canza shi Malam. Tartsatsin wuta ne ya cinye su, in ka goge ba za su daɗe ba. Duba lambar jikinsa ka sayo irinsa.