Mai Littafi a hannu, sai da fasto zai gane shi?

Shugaban Matasa: Salama a gare ku duka. Jiya a taron matasa na faɗi wata magana har wasu suka ce na wuce gona da iri, shi ya sa na kawo ta gaban manya. Cewa na yi, duk Kiristan da ya iya karatu, yana kuma da Littafi Mai Tsarki cikin harshen da yake ji, zai iya gane shi a ɗakinsa shi kaɗai, ba sai fasto ya tauna ya ɗura masa ba. Ku duba mutanen Biriya a Ayyukan Manzanni 17:11. Manzo Bulus da kansa ya yi musu wa'azi, amma kullum sai sun koma sun binciki Nassi su ga ko haka abin yake, kuma yabonsu aka yi. In Bulus bai tsira daga bincike ba, wa zai tsira?

Baba Dattijo: Ɗana, ka karanta sura 17, ka tsallake sura 8. Ma'ajin sarauniyar Habasha yana cikin karusarsa yana karatun Annabi Ishaya. Mutum ne mai ilimi, mai arzikin mallakar littafi a zamanin da da hannu ake kwafarsa. Filibus ya tambaye shi ko yana gane abin da yake karantawa, ya ce ta yaya, in ba wani ya yi masa jagora ba? Bitrus ma ya ce a wasiƙun Bulus akwai abubuwa masu wuyar fahimta, marasa sani suna murɗa su har su hallaka kansu. Yana nan a 2 Bitrus 3:16.

Malamar Makarantar Lahadi: Baba, labarin nan ya tuna mini abin dariya. Na taɓa tambayar 'yan ajina wane ne mutumin Habashan nan, wata yarinya ta ce tsoho ne, don ta ga an ce masa baba. Ba ta san baban fada ba, wato dandaƙaƙƙen bawan sarki, wanda jam'insa babanni. A takarda iri ɗaya suke da baba mahaifi, a baki ne suka rabu. Ta karanta daidai, ta gane a karkace.

Shugaban Matasa: Anti, wannan ai matsalar Hausa ce, ba ta Nassi ba.

Malamar Makarantar Lahadi: To da wane harshe yawancinmu ke karantawa? Mu da yawa a nan Hausa aro muka yi, a gida Bajju ne ko Ngas ko Tangale. Ka ba yaron yau kalmar kaffara ko baratarwa ka ga yadda zai yi zuru.

Mama Zumunta: Ni dai ina bayan yaron nan, ko da rabi ne. Shekarun baya wani mai wa'azi ya zo unguwarmu, ba zan kama suna ba, yana sayar da man shafewa a 'yar kwalba. Duk wanda ya yi tambaya sai ya daka masa tsawa, wai Allah ya ce kada a taɓa shafaffunsa. Mata suka yi ta sayar da awakinsu. Da na koma gida na sa jikata ta nemo mini wurin, Zabura 105, muka karanta tun daga sama. Ashe zancen Ibrahim da Ishaku da Yakubu ake yi, lokacin da suke 'yan kaɗan suna yawo a ƙasar mutane, Allah yana ja wa sarakuna kunne a kansu. Babu mai kwalba a ciki. Da ban buɗe da kaina ba, da tawa akuyar ma ta tafi.

Baba Dattijo: Mama, wancan ba fasto ba ne, ɗan kasuwa ne.

Mama Zumunta: Da kwala a wuyansa ya zo, Baba. Da me zan rarrabe in ban san Littafin ba?

Ɗalibin Tauhidi: Ku gafarce ni in sa baki. A ganina Mama ta taɓo inda ƙaiƙayin yake, ba ta kuma lura ba. Abin da ya cece ta ba kaɗaici ba ne, tunda ma ita da jikarta suka zauna. Abin da ya cece ta shi ne ta fara daga saman Zabura, ba ta tsaya kan aya ɗaya ba. Yawancin abin da muke kira karatun kanmu tsintar aya ne, wadda aka turo a waya da hoton fure.

Ku ɗauki Irmiya 29:11, wadda ke manne a bayan Keke Napep da bangon shaguna, inda Allah ya ce yana da shirin alheri dominku. Wa aka rubuta wa? Wasiƙa ce zuwa ga Yahudawan da aka kwashe bauta zuwa Babila. A sura 28 wani annabi, Hananiya, ya yi shelar cewa cikin shekara 2 komai zai dawo daidai. Irmiya ya ce ba Ubangiji ne ya aiko shi ba, Hananiya kuwa bai ga ƙarshen shekarar ba. Sai wasiƙar ta ce wa bayin, ku gina gidaje, ku yi lambuna, ku aurar da 'ya'yanku, ku yi wa birnin da ya kama ku addu'a, gama shekara 70 za a yi. Aya ta 10 ke nan, dab da wadda muke so. Yawancin dattawan da suka ji wasiƙar a can aka binne su. Alkawarin gaskiya ne, amma wanda ya ɗauke shi a kan zai sami aiki kafin Kirsimeti, da bakin Irmiya yake wa'azin Hananiya.

Haka Filibiyawa 4:13, zan iya yin kome. Bulus yana ɗaure ya rubuta, kuma ayar da ta zo kafin ta zancen ƙoshi da yunwa take yi.

Shugaban Matasa: To ai ka ba ni gaskiya. Duk wannan cikin Littafin yake, ba sai da digiri ba.

Ɗalibin Tauhidi: Yana ciki. Amma kai, tsakaninka da Allah, ka taɓa karanta sura 28 kafin yau?

Shugaban Matasa: Ban taɓa ba.

Ɗalibin Tauhidi: Ni ma sai da malami ya tilasta ni. Lambobin nan ma da ke sa mu yanka Nassi gunduwa-gunduwa ba marubutan ne suka sa ba. Surori a ƙarni na 13 aka raba su, ayoyin Sabon Alkawari kuma wani mai ɗab'i ɗan Faransa, Robert Estienne, ya lamba su a 1551. Ikilisiyar Filibi wasiƙar ta ji sukutum, a zama ɗaya.

Ɗan Katolika: Na san wasu suna jira in ce mu an hana mu karatu. Babban taron Vatican na biyu, a 1965, ya ƙarfafa kowane mai bi ya riƙa karanta Nassi. Inda muka tsaya shi ne, ka karanta, amma kada ka mai da fassararka ta zama dokar bangaskiya. Ku ƙirga majami'un da ke layi ɗaya a Sabon Tasha a Kaduna, kowa da ayar da ya ɓalle da ita.

Mama Zumunta: Ɗana, wasu kan aya suka ɓalle, wasu kan baiko.

Baba Dattijo: Kada a ce ni maƙiyin karatu ne. Likita Miller na Wusasa da abokan aikinsa shekaru suka yi suna fama kafin Littafin ya fito cikakke da Hausa a 1932, aka sake fassara a 1979. Ba don a ajiye shi a ƙarƙashin matashi aka yi wahalar ba. Iyayenmu da shi suka koyi haɗa baƙi, a ajin baftisma, da fitilar ƙwai. Amma da safe suna karantawa, da yamma suna zuwa gindin bishiya wurin mai bishara da tambayoyinsu. A Nehemiya 8 Ezra ya karanta, Lawiyawa suna bi suna bayyana ma'ana. Kalmar "shi kaɗai" ce ta tsaya mini a wuya.

Shugaban Matasa: Baba, na janye "shi kaɗai". Amma ban janye cewa mai bi yana da ikon ya ce wa fasto, Rabaran, wurin nan ba haka ya faɗa ba.

Baba Dattijo: A ofis, da ladabi, ba a tsakiyar sujada ba.

Shugaban Matasa: In ya ƙi ji a ofis fa?

Baba Dattijo: Akwai dattawa.

Mama Zumunta: Dattawan suna zaune aka sayar mana da kwalba.

Malamar Makarantar Lahadi: Kafin a tayar da tsohon miki, ga shawara. Markus sura 16 ne kawai, bai kai awa 2 ba in mutum ya zauna. Kowa ya karanta shi daga farko zuwa ƙarshe kafin Laraba, da biro a hannu, ya rubuta inda ya sha masa kai. Mu haɗu bayan addu'ar tsakiyar mako mu ga tambayoyin da muka iya warwarewa junanmu, da waɗanda sai mun kai gaba.

Ɗan Katolika: Za ku karɓi baƙo?

Baba Dattijo: Ka zo da naka mai littattafai 73, mu da namu 66. Markus ɗin ɗaya ne.

Mama Zumunta: Ni idona ba ya ganin ƙananan baƙi yanzu, jikar kuma ta koma makaranta. Wani ya sa mini na sauraro a waya, amma na Hausa, ba na Turanci ba. Wanda zai kawo ya zo bayan azahar, da safe ina gona.