Tambaya: masu haɗa jaz da waƙar opera, ta yaya ba sa rikicewa?

Ɗan Birni:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sanin harkar kiɗan Turawa ku ɗan warware min wani abu da ya tsaya min a rai. Kwanan nan YouTube ya dinga turo min bidiyon wata ƙungiya wai ita L'Arpeggiata, ba irin taron makaɗan nan ba ne su sittin ko saba'in, 'yan kaɗan ne, akwai wata mata a zaune da wata jita mai dogon wuya kusan tsayin mutum, ga mai fiyano, ga mai ganga, ga mai ƙaton gogen nan da ake tsayawa a kaɗa shi da yatsu, sai mawaƙi namiji amma muryarsa siririya can sama. Ana cikin waƙa irin ta opera a natse kawai sai wani dattijo ya ɗauki kilarinet ya shiga busa wani abu daban, wallahi na ɗauka ya ɓata ne, amma sai na ga sauran suna murmushi suna kaɗa kai, can kuma mawaƙin ya dawo daidai gurin da ya kamata kamar an auna.

To ni dai abin da na sani shi ne kiɗan Turawa na da komai a rubuce yake, ba ka ƙari ba ka ragi, shi kuwa jaz nan take ake ƙirƙirarsa. Ya ake haɗa biyun? Wa ke bin wani? Kuma sabon yayi ne ko dama can ana yi?

Mai Fiyano:

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Wannan da ka gani aikinsu ne na 2014 a kan waƙoƙin Henry Purcell, wani mai tsara kiɗa ɗan Ingila, matar mai dogon abin kiɗan ita ce shugabarsu Christina Pluhar, 'yar Ostiriya ce, ta kafa ƙungiyar a 2000, dattijon kuma Gianluigi Trovesi ne ɗan Italiya, ɗan jaz ne na gaske. Mai siririyar muryar ina kyautata zaton Philippe Jaroussky ka gani, don yana cikin waɗanda suka yi waƙa a aikin.

Inda ka ce komai a rubuce yake, nan ne gyaran yake. Hakan ya zama gaskiya ne daga baya, wajen ƙarni na 19, lokacin da masu tsara kiɗa suka koma rubuta kowane sauti da hannunsu. Amma a zamanin Purcell, wanda ya rasu a 1695, abin da ake rubutawa sau da yawa layi biyu ne kawai: muryar mawaƙi a sama, da layin bes, wato sauti mai kauri, a ƙasa, wani lokaci da 'yan lambobi a jikinsa masu nuna sautukan da za su dace. Duk abin da ke tsakani makaɗi ne zai cike da kansa a lokacin da yake kaɗawa. Su ma mawaƙan opera na wancan lokaci idan aka dawo kan baitin farko karo na biyu ba a so ka maimaita shi yadda yake, sai ka yi masa ado da naka, wanda bai iya ba ana ganin bai ƙware ba. Ka ga kenan takardar da ɗan jaz yake ajiyewa a gabansa yau, wato karin waƙa da sunayen sautuka a samansa, ba ta da nisa da tasu.

Sai kuma abu na biyu wanda shi ne ainihin amsarka. Purcell yana da son gina waƙa a kan ɗan gajeren layin bes guda ɗaya da zai yi ta zagayowa daga farko har ƙarshe ba ya canzawa. Waƙar bankwanan Dido a operarsa Dido and Aeneas haka take, bes ɗin yana gangarowa ƙasa a hankali, ya kai ƙarshe ya koma ya sake. To kai da ka tashi kana jin kiɗan kalangu wannan ba baƙon abu ba ne a gurinka, 'yan amshi suna riƙe da layinsu suna maimaitawa shi kuma uban waƙa yana zubo sabbin baituka yadda ya ga dama, bai taɓa ɓata ba saboda amshin yana nan yana jiransa. Mai kilarinet ɗin abin da yake yi kenan. Kunnensa na kan bes, ya san zagaye nawa aka ba shi, in ya kusa gamawa sai ya sassauta ko ya ɗaga ido, mawaƙi ya shigo a farkon sabon zagaye. Ba wanda ke bin wani a cikinsu, dukkansu bes suke bi.

Maman Twins:

Malam Mai Fiyano bayaninka ya yi, amma ka zaɓi misali mai sauƙi ne ka bar mai wuyar 😄 Purcell da Monteverdi da su Handel eh, kiɗansu yana da dokin da za a hau. Amma ka ɗauko Puccini, mai tsara opera ɗan Italiya na baya-bayan nan, fa? Mawaƙiyar Puccini tana jan sauti ɗaya ta riƙe shi iya son ranta, duk makaɗa su tsaya su jira ta, ta sauko sannan a ci gaba, lokaci a hannunta yake tana miƙa shi tana tanƙwasa shi. Shi kuwa mai gangar jaz duk rayuwarsa a kan bugu ɗaya yake wanda baya tsayawa. In ka haɗa su dole ɗaya ya haƙura, kuma yawanci abin da nake ji shi ne mawaƙiya tana ta fama ta shiga cikin bugun tana makara, ko kuma mai gangar ya koma shafa-shafa kawai don kar ya dame ta.

Ga kuma maganar murya. Su 'yan opera an horar da su ne su cika ɗaki ba makirufo, gidan opera na Metropolitan da ke New York kujerunsa sun kusa 3,800 kuma ana so na can ƙarshe ya ji, shi ya sa muryar take da ƙarfi da rawa haka. Mawaƙin jaz kuwa bakinsa a jikin makirufo yake, kamar hira yake da kai. Ka sa waccan muryar a ƙaramin ɗaki da makaɗa huɗu, sai ta danne kowa.

Kuma mu faɗi gaskiya, a yawancin irin waɗannan ƙungiyoyi mawaƙin baya ƙirƙirar komai. Ya yi nasa yadda aka koya masa a makaranta, ya koma gefe, 'yan jaz su yi nasu, ya dawo. Wannan ai karɓa-karɓa ce ba haɗi ba. Ni waɗanda suka fi burge ni su ne waɗanda suka ajiye mawaƙin gaba ɗaya suka bar abin busa ya zama shi ne muryar. Ka nemi Enrico Rava, mai busa kakakin Turawa ɗan Italiya, a 1993 ya fitar da faifai a kan waƙoƙin opera har da na Tosca ta Puccini, sannan ya yi na Carmen a 1995. Akwai kuma Danilo Rea mai fiyano da Flavio Boltro mai kakaki, su biyu rak, faifansu na 2011 sunansa ma Opera. Su Italiyawa da waƙoƙin nan suka tashi tun suna yara, ba aro suka yi ba, shi ya sa ba sa jin tsoron murɗa su.

Tsohon Ɗan Rediyo:

Yaro kan tambayarka ta ko sabon yayi ne, a'a, ya girmi kakanka. A New Orleans inda jaz ya tashi akwai gidan opera na Faransawa tun 1859, sai a 1919 gobara ta cinye shi, kuma makaɗan garin da yawa sun san waƙoƙin da ake yi a ciki. Jelly Roll Morton, ɗaya daga cikin 'yan jaz na farko, da aka ɗauki hirarsa a 1938 don ɗakin karatu na majalisar Amurka, da kansa ya zauna a fiyano ya nuna yadda ake ɗaukar wani yanki na Il Trovatore na Verdi a juya shi ya koma jaz. Louis Armstrong ma ya sha faɗin cewa fayafayan Caruso, shahararren mawaƙin opera, na cikin waɗanda ya fara saye.

Sai Porgy and Bess ta Gershwin a 1935, opera ce cikakkiya, amma waƙar Summertime da ke ciki 'yan jaz sun karɓe ta har mutane da yawa ba su san daga opera ta fito ba. A 1957 wani Gunther Schuller ya raɗa wa irin wannan haɗin suna, Third Stream, wai hanya ta uku tsakanin biyun. In ƙananan ƙungiyoyi kake nema, ga Modern Jazz Quartet su huɗu da kwat da nakatai, John Lewis mai fiyanonsu mayen kiɗan Bach ne, tsohon mai tsara kiɗa Bajamushe. Ga Jacques Loussier Bafaranshe da ya fara kaɗa Bach da fiyano da bes da ganga a 1959, lokacin masu ra'ayin riƙau na ɓangarorin biyu duk sun yi ta gunaguni, waɗannan su ce ya ɓata Bach, waɗancan su ce wannan ba jaz ba ne, shi kuwa fayafayansa na ta tafiya a kasuwa.

Ɗan Birni:

Kai madalla, Allah ya ƙara sani. Baba na gode, ban taɓa sanin Summertime daga opera take ba. Amma Anti maganarki ta ɗan sanyaya min jiki, kenan duk inda aka sa mawaƙi na gaske a ciki abin baya haɗuwa?

Mai Fiyano:

Hajiya na yarda da ke a kan Puccini, ban yarda da ke a kan karɓa-karɓa ba. Wa ya ce sai kowa ya ƙirƙira sannan a kira shi haɗi? Ko a jaz zalla ai ba kowa ke ƙirƙira a lokaci guda ba, wani ne ke riƙe gida wani ya fita yawo. Abin dubawa shi ne ko wanda ya fita ɗin yana sauraren wanda ya riƙe.

Ɗan uwa ka nemi Officium, na 1994. Mawaƙa maza huɗu ne 'yan Ingila, Hilliard Ensemble, da Jan Garbarek mai saksofon ɗan Norway, a wani gidan ibada mai suna St. Gerold a tsaunukan Ostiriya aka ɗauka. Babu ganga, babu fiyano, babu bes, babu komai. Su huɗun suna rera tsofaffin waƙoƙi na ɗaruruwan shekaru yadda aka rubuta, shi kuma yana shiga tsakaninsu a lokaci guda, ba wai sai sun yi shiru ba, wani lokaci ya kama sautin ɗaya daga cikinsu ya riƙe har ka kasa bambance mutum da ƙarfe, sannan ya zame ya haye samansu. Matsalar bugun da Hajiya ta kawo ba ta ma taso ba tunda babu mai ganga, numfashin mawaƙan shi ne ma'aunin lokacin. An sayar da sama da miliyan ɗaya, abin da ko kamfanin ECM da ya fitar bai yi tsammani ba. Sai dai in faɗa maka tun yanzu waƙoƙin coci ne da Latin, don na san akwai waɗanda za su so su san hakan kafin su kunna.

Kuma akwai wata hanyar, ɗan jaz ya zauna ya rubuta wa muryar opera abin da ya dace da ita tun daga tushe maimakon a tilasta mata shiga rigar da ba tata ba. Brad Mehldau, ɗan jaz mai fiyano, ya yi wa mawaƙiyar opera Renée Fleming haka, fiyano da murya kawai, ya fito a 2006. Terence Blanchard kuwa gaba ɗaya opera ya rubuta, Fire Shut Up in My Bones, ita ta buɗe kakar Metropolitan a 2021, karo na farko da gidan ya saka aikin baƙar fata tun kafa shi, kuma ya dasa 'yan makaɗan jaz a cikin manyan makaɗan gidan.

Maman Twins:

To Malam ai ka dawo kan maganata ba ka sani ba 😂 Garbarek ya yi nasara ne don an cire ganga, Mehldau kuma don ya rubuta komai. Kowanne sai da aka yanka wani abu. Ni ban ce kar a yi ba, cewa na yi a daina tallata shi kamar an samu duka biyun cif-cif.

Officium ɗin ma ni rabinsa nake iya ji, daga nan sai in ji duk waƙoƙin sun zama iri ɗaya, saksofon ɗin ya cika zaƙi. Na fi son Uri Caine, Ba'amurke mai fiyano, shi baya lallaɓa kowa. A 1997 ya ɗauki Wagner, mutumin da kiɗansa ke cin makaɗa kusan ɗari, ya rage shi zuwa mutum shida da akodiyon a ciki, aka ɗauka a Venis kana jin hayaniyar mutane da ƙararrawar gari a baya. A shekarar kuma ya yi wa Mahler nasa, a can ne ya saki 'yan jaz ɗin sosai suka yi kaca-kaca da shi.

Ɗan Birni abu ɗaya, in za ka gwada abin da Malam ya faɗa na bin bes, kar ka ji da sifikar waya, ba ta fitar da shi ko kaɗan, shi ya sa tun farko ka ɗauka dattijon ya ɓata. Ka sa iyafis mai kyau, ka fara da waƙar Dido ta asali ba jaz a ciki, ka ƙirga sau nawa layin ya zagayo, sannan ka koma kan ta L'Arpeggiata.

Tsohon Ɗan Rediyo:

Ku biyun nan da a ɗakin watsa shiri ɗaya aka haɗa ku da an sha kallo. Yaro ka ƙara da na Claude Bolling da Jean-Pierre Rampal na 1975, sarewa da fiyano da bes da ganga. Shi Rampal bai iya ƙirƙira irin ta jaz ba kuma bai ɓoye ba, sai Bolling ya rubuta masa nasa kaf, ya bar lilon jaz ɗin, wato rangajin bugunsa, a hannun sauran ukun. Hajiya za ta ce karɓa-karɓa ce, amma faifan ya shekara wajen goma a jerin Billboard na kiɗan gargajiyar Turawa.