Neman kalmar Hausa: me za mu kira "nudge"?

Ɗiyar Rediyo: Assalamu alaikum. Ina da shiri ranar Alhamis, gobe kafin azahar zan miƙa rubutun, amma kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: "nudge". Shirin a kan yadda mai laifi ke yanke shawara ne, da abin da hukuma za ta iya yi banda ƙara tsawon ɗauri. Da misalin birnin New York zan buɗe. A can ɗan sanda kan ba mutum sammaci kan ƙaramin laifi, kamar shan giya a titi, a ce ya je kotu rana kaza. Kusan huɗu cikin goma ba sa zuwa, sai a fitar da takardar kamu. Masu bincike suka sake tsara takardar sammacin kawai: ranar zuwa da wurin kotun suka dawo sama, aka rubuta ɓaro-ɓaro cewa wanda bai zo ba za a kama shi. Rashin zuwa ya ragu da kashi 13 cikin ɗari. Waɗanda aka riƙa tura wa saƙon tes kuwa, da kashi 21. A 2020 aka buga sakamakon. Ba a ƙara tara ba, ba a ƙara ɗan sanda ko ɗaya ba. To wannan ɗan abin da aka yi, me sunansa? Sau uku ina rubuta "tunatarwa" ina gogewa.

Baban Ummi: Wa'alaikumus salam. Me ya sami tunatarwar?

Ɗiyar Rediyo: Tes ɗin tunatarwa ne, na yarda. Sake tsara takarda fa? Tun kafin mutum ya manta aka gyara ta.

Bakano: Zunguri. Asalin kalmar ke nan, ka zunguri na kusa da kai da gwiwar hannu. Littafin "Nudge" da masanan Amurka Thaler da Sunstein suka fitar a 2008 ma hoton giwa ne a bangonsa tana tura ɗanta da hanci.

Antin Nahawu: A'a ƙanina. Mangwaro ake zungura, sai gidan rina. In ta ce "gwamnati ta zunguri masu laifi", direban da ke sauraro zai zaci samame aka kai. Kada kuma wani ya kawo "ingizawa", don ingiza mai kantu ruwa zai faɗo wa kowa a rai. "Zuga" ta fi su muni.

Tsohon Edita: Kun fara ke nan, ɗauko tsohuwar riga ku ce sai ta shiga sabon jiki. Sabon abu sabon suna yake so. Ni na daɗe da tawa: taɓa-ka-farga. Ku duba gininta. Taɓawa ce, ba duka ba, ba ja ba. Sakamakonta farga, wato mutum da kansa ya dawo hayyacinsa. Haka kakanninmu suka ga tangaran suka ce faɗi-ka-mutu, ba su tsaya aron sunan Bature ba. 'Yata, rubuta taɓa-ka-farga ki huta.

Bakano: Baba, Allah ya huci zuciyarka, ni dai na ji kamar sunan maganin da ake talla da lasifika a tashar mota.

Antin Nahawu: Kuma ta yi kusa da taɓa-ka-lashe. A rediyo kunne ba ya komawa baya ya duba.

Tsohon Edita: Da a-kori-kura da a-daidaita-sahu ba a yi musu dariya ba ranar farko? Yau wa ke kiransu da wani suna?

Antin Nahawu: Ranka ya daɗe, waɗannan titi ne ya raɗa musu, ba edita ba.

Ɗan Damagaram: Mu nan da Faransanci muka fara jin ta, "coup de pouce", wato turi da babban yatsa. Ni zan ce "ɗan turi". Amma na san ba za ku karɓa ba, tunda ba daga Kano ta fito ba. Kullum haka ne: ku yanke, mu ji a rediyo.

Bakano: Mutumin da ke ce wa makaranta "lakkwal" ne zai koya mana Hausa?

Ɗan Damagaram: In ji mai cewa "firamare" da "sakandare". Kowa da Baturensa, malam.

Ɗiyar Rediyo: Don Allah yayyena, azahar ɗin gobe fa.

Malamin Tsimi: Bari in ɗan ja ku baya, don sai an san abin da ake gudu kafin a san sunan maganinsa. A 1968 Gary Becker, farfesan ilimin tsimi a Amurka, ya kawo ra'ayin cewa mai laifi ɗan kasuwa ne: yana auna ribar laifin, ya auna yiwuwar kamu da girman hukunci, sannan ya yanke. Shi da bakinsa ya ce tunanin ya zo masa ne ranar da ya makara zuwa yi wa ɗalibi jarrabawa, ya tsaya lissafin ko ya yi fakin inda aka hana, ya kuma yi. In haka kowa yake, ai ƙara hukunci ya wadatar. To amma farfesa mai lissafi daban, saurayin da aka zagi uwarsa a gaban abokai daban. Wannan bai san shekara nawa doka ta tanada ba, ko ya sani ma, ɗaurin shekara goma nesa yake, kunyar da ke gabansa kuwa yanzu ce. Tun 1764 Beccaria, masanin shari'a ɗan Italiya, ya ce tabbacin kamu ya fi tsananin hukunci hana laifi. Abin da masana halayyar ɗan Adam Kahneman da Tversky, da su Thaler, suka ƙaro shi ne bayanin yadda kan ɗan Adam ke kauce wa lissafi, kuma kaucewar tana da hanya sananniya. Saboda haka "nudge" sharaɗi biyu gare ta: ba a hana ka komai ba, ba a kuma saye ka da kuɗi ko tsoratar da kai da sabon hukunci ba. Yanayin zaɓin aka gyara, ya zama hanyar kirki ta fi sauƙin bi.

Af, kada ki ce "tattalin arzikin ɗabi'a" don Allah. Tattalin arziki na ƙasa ne. Fannin ilimin tsimi da tanadi ne, sai ki ce tsimi da tanadi ta fuskar halayyar ɗan Adam.

Tsohon Edita: Madalla. Ka ga duk bayaninka farga yake nufi.

Malamin Tsimi: Ba duka ba, Baba. Inda kalmarka ta zauna daram shi ne birnin Shikago na Amurka. Akwai shirin da ake yi wa samari 'yan makaranta a can: a ba ɗaya ƙwallo ya dunƙule a hannu, a ce wa ɗayan ya karɓo cikin daƙiƙa 30. Sai kokawa, sai murɗe yatsu. In an gama a tambaye shi, me ya hana ka ce masa ya ba ka? Kusan ba wanda ya taɓa tunanin roƙa. Da irin wannan ake koya musu su dakata kafin su zabura, kuma kamun da ake yi musu kan laifin tashin hankali ya ragu da kusan rabi a lokacin shirin. Wannan farga ce tsantsa. Sai dai horo ne na watanni, ba "nudge" ba ne. A "nudge" kuwa sau da yawa mutum bai ma san an taɓa shi ba. A Jami'ar Newcastle ta Ingila hoton idanu aka manna a wuraren ajiye kekuna, satar ta ragu da kashi 62 a wuraren, amma ta ƙaru kusan daidai da haka inda ba hoton. Ɓarawon bai farga ba, wuri ya sauya.

Tsohon Edita: Ya farga mana. Ya farga ana kallonsa.

Gwaggon Yara: Ni ban yi bokonku ba, amma tun ɗazu nake jira in ji wani ya ce hannunka mai sanda.

Bakano: Gwaggo, an ce ba hukunci a ciki, ke kuma kin kawo sanda.

Gwaggon Yara: Kai yaro, ba sandar duka ba ce. Makaho ake ce wa haka in zai faɗa rami: hannunka mai sanda, wato ya karkata can ɓangaren. Ba ka ja shi ba, ba ka ɗauke shi ba, ƙafarsa ce za ta kai shi. In ya ga dama ya ƙi.

Antin Nahawu: Wallahi Gwaggo kin gama magana. Kuma ba Bahaushen da zai tambayi ma'anarta.

Baban Ummi: Ina da ja. Ke nan hukuma ce mai ido, talaka makaho? Wa ya ce ramin da take hangowa rami ne?

Malamin Tsimi: Wannan ƙorafin ba a kan Hausar ba ne, a kan abin ne kansa, kuma da shi ake sukar su Thaler tun fitowar littafin: wa ya naɗa ku iyayen jama'a? In kalmar Gwaggo ta jawo wannan tambayar a zuciyar mai sauraro, to ta yi aikinta. Matsalata ɗaya ce: hannunka mai sanda magana ce, ana faɗa ana ji. Ta dace da tes ɗin, ta dace da hoton idanu. Amma mayar da ranar kotu saman takarda ya fi kama da cike ramin ko share hanya.

Ɗan Damagaram: Shi ya sa na ce ɗan turi.

Antin Nahawu: Turi na mota ne da ta ƙi tashi.

Tsohon Edita: Karin magana ba kalmar fannu ba ce. Yaya za ku yi jam'inta? Hannayenku masu sanduna? Tawa kuwa ko a jarrabawa za a iya rubuta ta. Abin da ke kashe harshen nan ke nan: a kawo gini mai kyau, ku ce ba ku saba ba. Larabawa da Waswahili suna ƙirƙira suna wucewa, mu muna nan muna dariya.

Bakano: Taɓa-ka-farga fa, yaya jam'inta?

Tsohon Edita: Ba ta buƙata.

Ɗiyar Rediyo: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ga abin da zan yi, don lokaci ya ƙure. Farkon ambato zan faɗi kalmar Turancin sau ɗaya, in ce "wato karkatar da mutum cikin dabara ba tare da tilas ba". Daga nan har ƙarshe hannunka mai sanda zan riƙa cewa. Wajen takardar sammacin zan ce an share wa mutane hanya, kamar yadda Malam ya faɗa. Tambayar Baban Ummi kuma da ita zan buɗe layin waya.

Tsohon Edita: Abu ɗaya, suna uku. To. Shirinki ne. Amma in kin zo kan yaran Shikago, tawa ce a wurin, shi ma Malamin ya amsa.

Ɗiyar Rediyo: In minti ya ragu, Baba, in sha Allahu.

Ɗan Damagaram: A wane mita ake kama ku? Kada in ji an ce "kamar yadda ake faɗa a Hausa" alhali ba a tambaye mu ba.

Ɗiyar Rediyo: Zan turo maka sautin bayan shirin. Kafin ku watse, saura ɗaya: halin nan da Malam ya ambata, na fifita abin yanzu a kan na nesa. Akwai kalma?

Tsohon Edita: Ina da ita.