Ƙashin baya da shekarun mamaci

Nura: Jama'a, raina a ɓace yake. Na ce ana ƙiyasta shekarun mamaci daga ƙashin bayansa, wani ya ƙaryata ni a gaban mutane. Alhali kowace gaɓa tana da siririn zobe sama da ƙasa, ba ya gama mannewa sai wajen shekara 25. Mutum na haura 40 kuma ƙashin ya soma tsufa, sai tsiro ya riƙa fitowa a gefen gaɓoɓin kamar leɓe. Da wannan masana ke lissafi.

Malam Bala: Wa ya tsufa a 40? Gyara kalamanka, yaro.

Nura: Ƙashi na ce, Malam, ba ku ba.

Malam Bala: To ƙashin a jikin wa yake?

Hajiya Rabi: Gaya masa dai, Malam. Yaran yanzu, da sun ga furfura ɗaya sai su miƙa maka sanda.

Usaini: Ku dawo kan magana. Tsiron gaskiya ne, amma ɗan dako mai shekara 35 zai iya fin mai zaman ofis ɗan 50 yawansa. Ƙiba ma na ƙara shi. Tun 1958 Stewart, wani masanin ƙasusuwa a Amurka, ya nuna bambancin mutum da mutum na da yawa. Shi ya sa ake haɗawa da ƙashin mara da haƙarƙari.

Nura: To Sarki Richard na Uku na Ingila fa? A 2012 aka tono shi ƙarƙashin wurin ajiye motoci, ƙashin bayansa a karkace, shekararsa 32.

Usaini: Wannan tarihi ne ya faɗi shekarun, a 1485 ya mutu.

Hajiya Rabi: Usaini, mai zaman ofis ɗin nan da wa kake? Kowa ya san aikina.

Usaini: Wallahi Hajiya misali ne kawai.

Hajiya Rabi: Misalinka kullum a kaina yake sauka.

Malam Bala: Ni har yanzu ina jiran Nura ya janye "tsufa". Da ya ce "manyanta" ai da an wuce wurin.

Nura: Ƙashi yana manyanta, Malam?

Malam Bala: A matsayina na mai kula da zauren nan, ga taƙaitawa. An amince cewa ɗan 40 bai tsufa ba. Usaini ya tabbatar lissafin Nura ba abin dogaro ba ne. Na rufe.

Usaini: Ban ce haka ba fa, Malam.