Abin da aka tattauna kan taɓin hankali a shirin Bonanza

Maganar da aka yi kan Bonanza, wani tsohon shirin talabijin na Amurka, ta yi tsawo, ga abin da na tsinto.

1. Kusan kowa ya yarda Ben Cartwright ne ginshiƙin gidan. 'Ya'ya uku, kowa da uwarsa, iyayen matan duk sun rasu, amma uban ya riƙe su a gonar Ponderosa.

2. An rabu kan kashin ƙarshe na 1973, inda wani soja mai taɓin hankali yake farautar Little Joe, autan 'ya'yan Ben. Wasu suka ce an mai da mara lafiya dodo. Wasu suka ce yaƙi ne ya lalata shi, kuma ba dangi a kusa. Ni ma nan na karkata.

3. Mai kallo da yara ya riƙa yi musu bayani.