Sallah ta wuce amma jikina ya ƙi saki: faɗuwar gaba da rashin barci

Tela daga Zariya:

Assalamu alaikum. Ni tela ne, shekarata 34, shagona yana Tudun Wada, da yara uku masu koyon aiki. Tun ɗinkin ƙaramar Sallah abin nan ya same ni. Duk wanda ya san sana'armu ya san goman ƙarshe na azumi: a sha ruwa a shago, a hau keke har sahur, a ɗauke wuta a tada janareta, waya tana ta ruri, kowa kayansa yake tambaya. Kusan mako uku ban yi barcin awa huɗu a jere ba. Goro a kumatu, shayi mai kauri kofi uku ko huɗu kafin asuba.

Kowa ya karɓi kayansa, amma jikina bai yarda an gama ba. Waya ta yi ƙara sai gabana ya faɗi kamar an aiko da rasuwa. In na kwanta ina jin bugun zuciyata har cikin kunne, kafaɗu a ɗaure, haƙora a cije. Shekaranjiya 'yata mai shekara biyar ta yar da kwano a tsakar gida, na daka mata tsawa har ta ɓuya a bayan uwarta. Abin ya tsaya mini a rai, don ba halina ba ne.

Wani abokina ya miƙo mini ƙwaya, wai tana sa barci. Ban sha ba, ina tsoro. Don Allah wanda ya san dabara ko ganye mai sauƙi da ba ya bugarwa ya taimaka mini.

Ma'aikaciyar jinya:

Wa alaikumus salam. Malam, ka kyauta da ka bar ƙwayar nan. Irin waɗannan magungunan jiki yana sabawa da su, daina su kuma ya fi fara su wuya nesa ba kusa ba.

Ka fara zuwa a auna hawan jininka da yawan jininka. Ƙarancin jini yana sa bugun zuciya, haka ma ƙullin maƙogwaro da ake kira tayirod in ya yi aiki fiye da kima. In kuwa ka ji ciwon ƙirji yana sauka hannu, ko numfashi ya sarƙe, ko ka ji kamar za ka suma, wannan na asibiti ne a take, kada ka tsaya dafa ganye.

Jijiyoyin jiki kashi biyu ne a wannan aikin. Akwai masu zaburar da mutum lokacin haɗari, su ƙara bugun zuciya, su ɗaure tsoka. Akwai masu kwantar da shi. Mako uku ka yi kana taka totur, yanzu sai ka koya wa jikin birki. Duk lokacin da mutum yake fitar da numfashi, zuciya tana ɗan rage gudu, shi ya sa ake tsawaita fitarwar. Ka ja iska ta hanci kana ƙirga huɗu, cikinka ya taso ba ƙirji ba, ka sake ta a hankali ta baki kana ƙirga shida. Numfashi shida ke nan a minti. Minti biyar bayan asuba, minti biyar kafin kwanciya, ko ba ka jin komai a lokacin.

Sai goro da shayi. Sinadarin da ke cikinsu mai hana barci, bayan kamar awa biyar rabinsa yana nan a jini. Goron la'asar yana tare da kai har kan katifa. Ka rage a hankali cikin mako guda, don yankewa lokaci ɗaya yana kawo ciwon kai, kuma daga azahar ka rufe.

Dattijo, tsohon direba:

Yaro, Allah Ya ba ka lafiya. Shekara talatin na yi ina jan babbar mota tsakanin Kano da Legas, na san wannan ɗaurewar kafaɗa. Abin da ya fi yi mini amfani, in na sauka, alwala da ruwan randa mai sanyi, in daɗe ina shafa fuska, sannan in yi sallah ba gaggawa. Bayan la'asar ka rufe keke ka taka da ƙafa, ka bar wayar a shago wurin yaranka. Ka kuma nemi garin sha'ir a dama maka talbina da madara da zuma. Ya zo a Bukhari daga Nana A'isha cewa tana hutar da zuciyar mara lafiya, tana tafiyar da wani sashe na baƙin ciki. Yarinyar nan kuma ka ɗauke ta ka rarrashe ta yau, kada ka bari sai gobe.

Maman 'yan biyu:

Ni bayan haihuwa na sha wannan. Babunaj na riƙa sha, wani busasshen fure ne da ake shayi da shi, ana samu a shagunan magungunan Musulunci. Ƙaramin cokali ɗaya a kofin ruwan zafi, a rufe minti goma, a tace, bayan isha'i. Ba ya kayar da mutum, sassauci ne kaɗan kaɗan, kuma zaman shansa shiru ma magani ne. Wata rana na'a-na'a nake jefawa. Da rana zoɓo ba sukari da yawa.

Ma'aikaciyar jinya:

Maman 'yan biyu ta faɗi daidai, sai dai a kula. Zoɓo yana ɗan sauke hawan jini, don haka mai shan maganin hawan jini ya gaya wa likitansa, mai ciki kuma ta bar shi. Na'a-na'a yana tayar wa wasu da ƙwannafi. Malam, in ka yi mako uku ko huɗu babu sauƙi, ko baƙin ciki ya fara danne ka, ka ga likitan ƙwaƙwalwa; akwai a asibitin koyarwa na Shika, kusa da kai. Ganinsa ba ya nufin hauka.

Tela daga Zariya:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Yau kwana tara. An auna ni, jinina ya ɗan hau kaɗan, an ce in koma bayan mako biyu. Goro saura ɓari ɗaya da safe. Ƙirga shida ya yi mini wuya da farko, sai na fara da biyar. Jiya na yi barci daga sha ɗaya har kiran assalatu, karon farko tun azumi. Ƙarar waya har yanzu tana faɗar mini da gaba, don haka na rage sautinta. Baba, na rarrashi yarinyar tun daren da ka faɗa. Ita ce ma take yi mini ƙirgar numfashi yanzu, in ta kai shida sai ta wuce har goma.