Daga Tudun Wada zuwa Samaru: yaya zan yi tuwo ya iso mini da zafinsa?

Mai tambaya, Samaru

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka saba sa a kawo musu abinci a nan Zariya. Akwai wani gidan abinci a Tudun Wada da na daɗe ina cin tuwon shinkafa da miyar taushe a wurinsu, kuma har yau ban sami inda ya kai su iya miya ba. Tun da aiki ya dawo da ni kusa da Jami'ar Ahmadu Bello, sai dai in yi musu magana ta WhatsApp, in tura kuɗi ta banki, su ba mai babur ya kawo. Damuwata ita ce tuwon kan iso a sanyaye, wani lokaci kuma miyar ta tsiyaye a cikin leda. Ba na son rabuwa da su, don Allah mece ce mafita?

Uwargida, Gyallesu

Wa alaikumus salam, Malam. Laifin ba na mai girki ba ne, na mazubi ne. 'Yar robar nan da ake zuba abinci a ciki ba ta riƙe zafi, murfinta kuma ba ya jure girgizar babur. Ka sayi kula biyu masu kyau ka ajiye musu ɗaya, duk ranar da aka kawo maka cikakkiya sai ka mayar da wadda ka wanke. Ka roƙi a ƙulle malmalar tuwon a leda tun tana tururi, miyar kuma a zuba ta daban, kada a cika ta har baki.

Sannan ba kowane abinci ne ke son tafiya ba. Dambu da shinkafa da wake suna isowa lafiya, fate ma yana daɗewa da zafinsa idan yana cikin kula. Amma ɗanwake yana hucewa sai ya yi tauri ya manne da juna, waina kuwa idan aka rufe ta da zafi gumi yakan jiƙa ta har gefenta mai ƙaras-ƙaras ya saki. Waɗannan biyun gara ka je ka ci a can.

Mai babur, Kwangila

Hajiya ta yi gaskiya, sai dai ina so a dubi ɓangarenmu. Kafin mutum ya baro Tudun Wada, ya ratsa PZ, ya wuce Kwangila da Palladan ya kai Samaru, tafiya ce mai nisa, musamman da azahar ko bayan an sauko daga masallacin Juma'a. Idan kuɗin kawowa bai taka kara ya karya ba, dole ɗan aike ya haɗa saƙon mutane da yawa, naka kuma shi ne na ƙarshe saboda nisa. Ka nemi mutum ɗaya amintacce, ku yi jinga, ka faɗa masa takamaiman ƙofar da zai same ka, kuma ka riƙa ɗaga waya idan ya kira.

Mai tambaya, Samaru

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Zan kai musu kular ranar Asabar, kuma zan riƙa sanar da su tun da hantsi domin a kwashe nawa daga tukunyar farko.